Sana'ar Ƙunshin Zane: Yadda Za Ka Zana Kayan Wasan Bidiyo Ka Sayar wa Masu Ƙera Wasa

A daren nan akwai wani matashi a Burazil ko Indonesiya ko Legas zaune gaban kwamfuta. Ya iya rubuta umarnin da ke sa ɗan wasa ya yi gudu, ya yi tsalle, ya buɗe ƙofa, amma in ka miƙa masa alƙalami ko randa ba zai iya zana maka ba. Ɗan wasan nasa wani jan akwati ne da ke yawo a farin fili. Ba shi da kuɗin ɗaukar mai zane na wata shida, don haka sai ya shiga kasuwar intanet ya nemi ƙunshin da wani ya riga ya gama: ƙasa, ruwa, katanga, itatuwa, mutane, duk a fayil ɗaya. Ya biya dala 5 ko 10, ya zuba a wasansa, kafin asuba jan akwatin nan ya zama mutum mai tafiya a cikin gari.

Shi ne mai sayen kayanka, kuma abin da yake nema ba hoton ratayewa a falo ba ne. Kayan gini yake nema. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san magini ba ya tambayar wane bulo ne ya fi kyau. So yake duk su fito daga ma'auni ɗaya, in ya jera su su zauna ba giɓi. Na ga masu zane da hannunsu ya faɗa sosai, ƙunshinsu ya kwanta ba ciniki, don kowane abu a ciki kyakkyawa ne shi kaɗai amma ba ya haɗuwa da na kusa da shi.

Misali ɗaya zan bi har ƙarshe: ƙunshin zanen fiksel, irin na ɗigo-ɗigon nan masu kusurwa huɗu, don wasan da ake kallo daga sama, wanda za a ɗora a itch.io, wata kasuwar intanet ta wasanni da kayan ƙera su. Na zaɓe shi ne don ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar aikin. Mai ƙera siffofin 3D da manhajar Blender ma zai tarar yawancin maganar ta shafe shi.

Fara da hanyar da kuɗin zai iso ka

Mutane kan bar wannan sai ƙarshe. Ni na sa shi farko, domin babu abin da ke karya gwiwa kamar ka yi wata uku kana zane, a saya, kuɗin ya tsaya a wani asusu da hannunka ba ya kaiwa.

Leaf Corcoran ne ya buɗe itch.io a 2013, kuma shi ne wurin da ya fi sauƙin shiga ga sabon hannu. Ba wanda zai tantance kayanka kafin su fita. Kason da kasuwar ke ɗauka ma kai ke zaɓa, abin da aka saba shi ne 10 cikin 100. Hanyar biya iri biyu ce: ko kuɗin mai saye ya faɗa kai tsaye a asusunka na kamfanin tura kuɗi, PayPal ko Stripe, ko itch.io ta karɓa ta tara maka, in ka nema ta turo ta PayPal ko Payoneer. An yi shekaru da dama asusun PayPal na Najeriya turawa kawai yake yi, ba ya karɓa, shi ya sa 'yan gida suka saba da hanya ta biyu tare da Payoneer. Buɗe asusun tun yanzu, a tantance katin shaidarka, ka tabbata sunan da ke kansa shi ne na bankinka harafi da harafi.

Sai haraji. Kamfanin itch.io na Amurka ne, zai sa ka cike takardar haraji ta wanda ba ɗan ƙasar ba. Najeriya da Nijar ba su da yarjejeniyar rage haraji da Amurka, saboda haka ana iya riƙe har 30 cikin 100. Sa wannan a lissafinka kafin ka yanka farashi.

Sauran manyan kasuwanni biyu ka san da su don gaba. Unity Asset Store, da aka buɗe a 2010, na ba mai zane 70 cikin 100, sai sun duba kaya kafin su karɓa, kuma mafi ƙarancin farashi a can dala 4.99 ne. Fab ta kamfanin Epic Games, wadda ta maye gurbin tsohuwar kasuwar Unreal a Oktoba 2024, tana ba da 88 cikin 100, sai dai ƙarfinta ya fi a kayan 3D.

Zaga kasuwa kafin ka ɗauki alƙalami

Ba da kwana biyu ko uku kana kallo kawai. Ka san cewa da kyauta kake gasa. Kenney Vleugels, ɗan ƙasar Holan, ya saki dubban zane a ƙarƙashin lasisin CC0, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, kuma aikinsa tsaf yake. Ga shafin OpenGameArt nan ma cike da kayan kyauta. In abin da za ka zana shi ne ciyawa da itace da akwatin zinare irin na kowa, me zai sa a biya ka?

Buɗe ƙunshi goma da suka fi kasuwa a fannin da kake so, ka karanta abin da masu saye ke rubutawa a ƙasa. A nan ake samun oda ba tare da an ba ka ba. Wani zai ce ina cikin ɗakunan, wani ya ce ba gada, wani ya ce yana son irin wannan amma na dare. Rubuta su.

Za ka kuma lura da abin da ya yi yawa: gidan sarautar Turai na zamanin da, kurkukun ƙarƙashin ƙasa, gonar Turawa, ƙauyen Japan. In an zana hamada kuwa, galibi dalar Masar ce da raƙumi. Garin ginin ƙasa irin wanda muka tashi a ciki, mai zaure da soro da zanko da rumbu, da wuya ka ci karo da shi an yi shi da kyau. Wannan giɓi ne da kai ka fi wani mai zane a Turai ikon cikewa, don kai ka san indararo ta ina yake zubar da ruwa, ka san inda ake ajiye randa a tsakar gida. Shi zan ɗauka a matsayin ƙunshinmu.

Amma ka yi shi yadda zai yi wa kowa aiki. Mai saye da bai taɓa jin sunan Kano ba ya kamata ya iya gina garin tatsuniyarsa na bakin hamada da shi. Kada ka ƙuntata shi har ya zama sai mai labarin Hausawa kaɗai zai taɓa shi.

Kafa ƙa'idojinka, ka rubuta su a takarda

Kayan aiki ba matsala ba ne. Aseprite, manhajar zane ta David Capello ɗan Ajantina, kusan dala 20 yake, kuma shi yawancin masu zanen fiksel ke riƙe da shi. LibreSprite da Pixelorama da Krita kyauta ne, kowanne zai kai ka. Abin da ke raba ƙunshi mai tsari da tarkace shi ne abubuwa huɗu da za ka yanke kafin ka sa ɗigo na farko.

Girman tayil. Filin wasa a rarrabe yake gida-gida kamar dara, kowane gida tayil ɗaya. Ɗauki fiksel 16 a 16. Fuskar wasa mai 320 a 180 in an ninka ta sau 6 tana cika allon 1920 a 1080 cif, ba ɗigon da zai lanƙwashe, kuma tayil 20 ne ke jeruwa a faɗinta. Akwai wata riba: 16 sau 2 ya ba ka 32, sau 3 ya ba ka 48, wanda shi ne ma'aunin manhajojin ƙera wasa RPG Maker MV da MZ. Da zane ɗaya ka samu masu saye kashi uku.

Kusurwar kallo. A irin wannan wasa ana ganin saman rufi da fuskar bango a lokaci guda. Yanke nawa za a gani na kowanne, ka tsaya a kai. In ana ganin bakin rijiya daga sama, dole a ga bakin turmi ma haka.

Haske. Zaɓi inda rana take, a ce sama ta hagu, shi ke nan. Kowace inuwa ta faɗi dama ta ƙasa, daga kan itacen kuka har buta.

Launi. Ƙayyade kanka a launuka 32 ko ƙasa da haka. A shafin Lospec akwai jerin launukan da aka riga aka gwada, irin su DB32 da Endesga 32, kuma in ka yi amfani da sananne, mai saye zai iya haɗa kayanka da na wasu. Sai dai garin ginin ƙasa yana da wata matsala tasa: bango jar ƙasa, daɓe jar ƙasa, hanya ma haka. In ba ka kula ba duk allon zai zama kunu ɗaya, mai wasa ya kasa gane inda zai taka da inda zai ci karo. Maganinsa shi ne ƙasar takawa ta yi haske, launinta ya dusashe, bango kuma ya fi ta duhu da ƙarfin launi, da wani baƙin zare a gindinsa inda ya haɗu da ƙasa. Wajen inuwa kada ka ƙara baƙi kawai. Ja launin ya karkata wajen shunayya a inuwa, wajen rawaya a haske, kamar yadda katanga ke yi da la'asar. In ka gama, mayar da hoton baƙi da fari ka duba. In har yanzu kana bambanta bango da hanya, ka wuce.

Kafin komai, zana mutum ɗaya da ƙofa ɗaya, ka ajiye su a gefen allo su zama mudunka. Na koyi wannan ne bayan wani mai saye ya aiko mini da hoton wasansa, cikin ladabi, ɗan wasan yana tsaye bakin zauren da na zana, hularsa ta wuce saman ƙofar. Na zana gidan a wani mako, mutumin a wani, ban taɓa tsayar da su wuri ɗaya ba.

Rubuta jerin kaya da ƙafa

Kada ka zauna kana tunanin me zai yi kyau. Rufe ido ka yi tafiyar da mai wasa zai yi. Ya farka a ɗaki: gado, tabarma, fitila, adaka. Ya fito tsakar gida: murhu, turmi da taɓarya, randa, igiyar shanya, akurki. Ya bi ta zaure ya fita lungu. Ya isa kasuwa: rumfa, buhuna, ƙwarya, faifai, teburin mai shayi. Ya wuce karofi irin na Ƙofar Mata, ya fita ƙofar gari, ga ganuwa, ga gonar gero, ga rijiya da guga, ga rafi.

Daga nan ƙara abin da wasa ke buƙata wanda ido ba ya kawowa. Mai ƙera wasa yana son abin da ake taɓawa ya sauya: tulu lafiyayye da fasasshe, akwati a rufe da a buɗe, ƙofa a kulle da a wangale, murhu da wuta da babu, gero tsiro da bunƙasa da girbe. Kowane abu mai hali biyu ya fi abin ado biyar daraja a wurinsa.

Jerin zai yi tsawo. Yanke shi biyu, ka ajiye rabi don ƙunshi na gaba. Na farkon ya zama wanda za ka iya gamawa cikin mako huɗu zuwa shida.

Ƙasa, inda aikin gaske yake

A nan ake gane wanda ya taɓa gina fili da wanda zane kawai ya iya. Tayil ɗin ƙasa dole ya haɗu da kansa ta kowane gefe ba tare da an ga ɗinki ba. Aseprite na da yanayin da ke nuna maka tayil a jere sau tara yayin da kake zanawa, kunna shi. Ka guji sa wani abu mai jan ido a tayil na asali, domin dutse ɗaya mai kyau in ya maimaitu sau 200 ya zama zanen atamfa. Asalin ya zama shiru. Sai ka yi wasu uku ko huɗu masu ɗan tsakuwa ko tsaga, a riƙa yafa su jefi-jefi.

Sai gefuna, wato inda yashi ya haɗu da ciyawa ko ƙasa ta haɗu da ruwa. Sabon hannu kan zana tara: tsakiya, gefe huɗu, kusurwa huɗu. Da waɗannan fili mai kusurwa huɗu kawai za a iya yi. Da zarar mai saye ya so tafkinsa ya lanƙwasa, zai nemi kusurwar ciki ya rasa, kuma a nan zai rufe fayil ɗinka. Ƙara kusurwoyin ciki huɗu, sun zama 13, wannan shi ne mafi ƙaranci.

In kana son injin wasa, wato manhajar da ake ƙera wasan a cikinta, ya riƙa zaɓar gefen da kansa yayin da mutum ke shafa ƙasa, akwai tsari biyu. Na farko yana duba kusurwa huɗu na kowane gida, kowace ko yashi ko ciyawa, ya ba da tayil 16. Na biyu yana duba maƙwabta takwas, wanda a lissafi hali 256 ne, amma in an cire masu kama da juna saura 47. Kada adadin ya tsorata ka. Ba 47 za ka zana daga farko ba, 'yan ƙalilan za ka zana ka yanka kowanne gida huɗu, ka harhaɗa sauran daga gutsattsarin. Injunan wasa Godot 4 da Unity, da manhajar jera tayil ta Tiled, duk suna da hanyar karantar irin wannan jeri, kuma rubuta a shafinka cewa ƙasarka ta cika 47 yana daga abubuwan da gogaggen mai saye ke nema da ido.

Ruwa ya yi motsi, firem 3 ko 4, wato hotunan da ke sauyawa bi da bi su ba da motsi, sun isa. Ka tabbata gefen ruwan ma yana motsi tare da tsakiyar.

Gine-gine, itatuwa, mutane

Kada ka zana gida guda cur. Zana gaɓoɓinsa: bangon hagu, na tsakiya mai maimaituwa, na dama, saman soro, zanko na kusurwa, indararo, ƙofa, taga. Da waɗannan mutum zai gina ɗaki mai faɗin tayil 3 ko fada mai faɗin 15. Adon bango, irin dagi da sauran zanen magina, yi shi daban a kan wayam, wato ba komai a bayansa, yadda za a manna shi a duk bangon da aka so. Bayan haka sai ka harhaɗa gidaje uku ko huɗu ka sa a ciki don mai gaggawa.

Je ka kalli na gaske. Gidan Makama a Kano, unguwar Birni a Damagaram, bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ko tsohon gidan kakanka in yana tsaye. Ɗauki hoto da wayarka. Za ka ga bangon ƙasa ba ya miƙewa kamar na siminti, gindinsa ya fi samansa kauri, kusurwarsa a dulmuye take, kuma akwai zirin da ruwan damina ya bari ƙarƙashin indararo. Fiksel biyu ko uku ne ke nuna wannan, kuma su ne ke sa wanda ya san wurin ya ce lalle haka yake.

Wani abu da nake roƙon duk mai zane Musulmi ya kiyaye: kada ka sa aya ko sunan Allah a kan tayil. Da ka sayar, ba ka da iko a kan inda za a ajiye shi. Ana iya shimfiɗa shi a ƙasa a taka, ana iya sa shi a bangon da za a fasa. In kana son alamar rubutu a allo ko takarda, 'yan layuka marasa ma'ana sun wadatar.

Itace raba shi biyu, gindi da kai, don ɗan wasa ya iya wucewa ta bayansa ganye ya rufe shi. Inuwa kuma ta zauna a shimfiɗarta daban, wato a zana ta ita kaɗai, mai ɗan gani-ta-ciki, don ta dace da yashi da ciyawa duka.

Mutane su ne masu cin lokaci. Yi lissafi kafin ka yi alkawari: fuska 4 da zai iya juyawa, aiki 5 irin su tafiya da gudu, kowanne firem 6, firem 120 ke nan ga mutum ɗaya. Tsarin RPG Maker firem 3 ne a fuska 4, wato 12, kuma ya isa ga mutanen gari. Dabarar ita ce ka zana jiki ɗaya, sannan riga da hula da mayafi da rawani a shimfiɗu daban a kansa. Wanda kuma ba ya zana mai rai saboda fahimtarsa ta addini, ƙofa a buɗe take: ƙunshin fili da gini, da na gumakan kaya, da na maɓallai da akwatunan rubutu, duk ana sayensu su kaɗai.

Gina da kayanka kafin wani ya gina

Sauke Tiled, kyauta ne, ka gina gari guda da abin da ka zana kawai. Duk inda ka tsaya ka ce da akwai kaza, rubuta ka koma ka zana. Ba a taɓa yin wannan gwajin ba a samu giɓi ba.

Sannan shigar da shi injin gaske. Godot kyauta ne kuma ba shi da nauyi. A can, tace hoto ya koma Nearest. A Unity, Filter Mode ya koma Point, a kashe matse hoto, a sa fiksel 16 a kowane awo. In ba haka ba zanen zai fito dishi-dishi, kuma mai saye sabon shiga kai zai zarga, don haka rubuta masa waɗannan a takardar bayani. Sa ɗan wasa ya yi yawo, kyamara na binsa. In ka ga wasu siraran layuka na walƙiya tsakanin tayil, launin maƙwabci ne ke tsallakowa. Fitar da kwafi na biyu wanda aka ja gefen kowane tayil da fiksel 1 ko 2, ka haɗa a ƙunshin.

Daga ƙarshe miƙa wa wani fayil ɗin ba tare da ka ce uffan ba, ka zauna a bayansa ka kalla. Inda ya tsaya yana lalube, nan ne gyaranka.

Ɗaure kaya da lasisi

PNG mai wayam a baya, ba JPG ba ko kusa, don JPG na ɓata gefen fiksel kuma ba ya riƙe wayam. Ba da babban faifai, wato hoto guda mai ɗauke da komai a jere kan gidajen 16, ka kuma ba da kowane abu a fayil ɗinsa. Folda ɗaya ga 16, ɗaya ga 32, ɗaya ga 48, kuma wajen ninkawa ka yi amfani da hanyar da ba ta gauraya launi. Haɗa da jerin launukanka, da asalin fayil mai shimfiɗu in ka yarda a gyara, da taswirar garin da ka gina. Sunayen fayil su zama da Turanci, ƙananan haruffa, ba tazara. Ka guji ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, wasu manhajoji na tuntuɓe da su. Sunan Hausa na kowane abu sa shi a takardar bayani tare da layi ɗaya na amfaninsa, masu saye na jin daɗin wannan.

Lasisi ya zama gajere, kowa ya gane. Ya amsa waɗannan: an yarda a sa a wasan sayarwa? An yarda a gyara? A wasa nawa? Dole a ambaci sunanka? Abin da aka saba shi ne a yarda da kasuwanci da gyara, a hana sake sayar da zanen ko raba shi a matsayin ƙunshi ko da an taɓa shi. Faɗi matsayinka a fili game da ciyar da shi ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Kuma ka tabbata duk abin da ke ciki naka ne. Kwafar itace daga wani shahararren wasa a sauya masa launi sata ce, kuma masu wannan harka suna gane ta da kallo ɗaya. In ka taɓa zana wa wani abu ya biya ka, kada ka zuba shi a ƙunshi sai da izininsa a rubuce.

Shafin talla da farashi

Hoton fuska a itch.io 630 a 500 ne, kuma yana karɓar hoto mai motsi. A jerin kaya ƙarami zai bayyana, don haka kada ka cusa komai a ciki. Sa lungu ɗaya mai rai: hayaƙi na tashi daga murhu, mutum na wucewa gaban zaure. A cikin shafin sa hotuna uku ko huɗu na wuraren da ka gina, sannan hoton faifan gaba ɗaya, domin gogagge ba ya saye sai ya ga ainihin abin da ke cikin buhu. Duk abin da ya fito a hoton talla ya kasance yana cikin ƙunshin.

Bayanin da Turanci mai sauƙi, kuma lambobi su zo farko: girman tayil, adadinsu, firem nawa, injunan da ka gwada, lasisi. Cike kalmomin nema da irin abin da mai saye zai rubuta, ba abin da kai kake kiran kayan ba. Tun Nuwamba 2024 itch.io na buƙatar masu sayar da zane su bayyana ko sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. Amsa gaskiya. In da hannunka ka yi, faɗa, akwai masu tace kasuwa da wannan kaɗai.

Farashi kuma, kada ka sa dala 1 don tsoro. Masu sarrafa kati na cire kimanin santi 30 da kusan 3 cikin 100 a kowane ciniki. A dala 1, bayan kason kasuwa, abin da zai rage bai kai santi 60 ba, tun kafin haraji. A dala 5 kana da kusan dala 4. Dubi ƙunshi biyar masu girman naka ka tsaya a tsakiyarsu. Sannan ware ɗan yanki, a ce ƙasa da gida ɗaya da mutum ɗaya, ka bayar kyauta. Ɗanɗano ne irin na mai kilishi. Masu shiga gasar ƙera wasa cikin 'yan kwanaki, irin su Ludum Dare, da kuma Global Game Jam wadda ake yi a Janairu, kayan kyauta suke wawura, kuma wanda ya fara gini da naka, in wasan ya girma wurinka zai dawo.

Kada ka jira ranar fitarwa kafin a san da kai. Tun makon farko riƙa nuna ɗan abin da ka zana a inda masu ƙera wasa ke taruwa, gajeren hoto mai motsi ya fi dogon bayani.

Bayan ya fita

Cinikin farko na iya jinkiri, kuma ƙunshi ɗaya ba ya riƙe gida. Abin da ke tara kuɗi shi ne jeri: garin, sannan cikin ɗakuna, sannan daji da rafi, sannan mutanen kasuwa, duk a kan ma'auni da launi da haske ɗaya, yadda wanda ya sayi ɗaya zai buƙaci na biyu. In sun kai uku, haɗa su a farashi mai rangwame. Amsa tambayar mai saye cikin kwana ɗaya ko biyu, in kuma mutum uku suka nemi abu guda, zana shi ka ƙara kyauta.

Wajen ƙarin nan akwai kuskuren da ke rusa aikin mutane. Injin wasa ba ya sanin tayil da kamanninsa, da gurbinsa a faifai yake saninsa. In ka matsar da randa gida ɗaya don ka sami wurin sabon tulu, duk wanda ya sauke sabon fayil zai buɗe wasansa ya tarar randunan garinsa sun koma wani abu dabam, bango ya zama rijiya. Abin da ka riga ka saki, bar shi a gurbinsa ko da jerin bai yi maka kyau ba. Sabon kaya ya shiga ƙasan faifai, kada ka taɓa faɗinsa, ka sa wa fayil lamba, 1.1 bayan 1.0, ka rubuta abin da ya ƙaru, kuma ka bar tsohon a shafin don wanda ya yi nisa da gini a kansa.